Mai Shara a Tashar Gdynia

Ƙarfe biyu da rabi na dare, Gdynia ta yi tsit,
sai ƙugiyoyin tashar jirgin ruwa da ba su san barci ba.
Ƙanƙara na narkewa daga takalmina ƙarƙashin tebur.
Wiesia ta bugo waya daga ƙofa ta huɗu:
"Danuta, allon ya sake sandarewa.
Motoci sha tara a layi, direbobi sun fara ashar."

Na san mai laifin, ko dai na ɗauka na sani.
Cikin manhajar nan akwai wani mai shara,
ba fuska, ba albashi, ba ranar hutu.
Zagaya ƙwaƙwalwar na'ura yake yi
yana tambayar kowane abu: da mai riƙe da kai?
In babu, ya kwashe.
Sai dai in ya ɗau tsintsiya, dole kowa ya ɗaga ƙafa,
kwantena ta tsaya a sama tana lilo,
daƙiƙa tara, yau har sha ɗaya.

Ba a yi masa magana baki da baki.
Saƙo ake ajiye masa a bakin ƙofa kafin ya farka:
suna da manyan baƙaƙe, alamar daidai, sai lamba.
Sau ɗaya yake karantawa, ba ya waiwaye.
In ka sake shawara, kashe komai, tashe shi sabo.

Na fara da saƙon da ke kwance masa harshe.
Na sa ɗaya: faɗi abin da kake yi.
Shiru.
Minti arba'in ina hararar allo, shayi ya huce,
ashe harafi guda na ci a sunan,
shi kuwa wasiƙar da ba tasa ba, ko kallo.
Na gyara. Sai baki ya ɓalle:
na share, na samu kaɗan,
na share, na samu kaɗan,
na share.

Na ninka masa ɗaki.
Tsaikon ya makara, amma ya zo da ƙannensa.
Na ce ya riƙa shara kaɗan-kaɗan, ya yi, ba ta sake zane ba.
Haushi ya sa na ba shi sifili: zauna, kar ka taɓa komai.
Minti sha biyu ƙwaƙwalwa ta cika maƙil,
na'ura ta faɗi ba ko sallama.
Wiesia ba ta ma bugo ba. Wannan ya fi zagi.

Saura saƙo ɗaya da ban taɓa aikawa ba:
nuna min wa ke riƙe da wa.
Ya miƙo bakin igiya, na bi,
ƙulli bayan ƙulli,
har wani jeri mai shekara sha ɗaya,
aikin Ludwik Zaremba,
wanda yanzu ke kiwon zuma a bayan Kartuzy.
Duk jirgin da ya taɓa barin tashar nan
yana ɗaure a jerin, da kayansa, da sa'ar tashinsa.
A sama ya bar layi guda: ajiye, ko za a nema.

Ba wanda ya nema.
Mai shara kuwa ɗan amana ne,
ba ya zubar da abin da ke da mai shi.
Dare nawa ina zagin tsintsiya,
alhali hannu ne ya ƙi saki.

Layi ɗaya na yanke.
Na kwashe saƙonnina daga bakin ƙofa ɗaya bayan ɗaya,
na bar masa na harshe kawai, don hira.
Na share, in ji shi, na samu da yawa.
Ta taga na ga fitilun motoci sun fara ja.

Jirgin ƙasa na farko ya kai ni gida.
A bayan ƙofa rigar sanyin babana tana rataye,
shekara shida ke nan,
da tikitin bas a aljihun hagu.
Na kama hannun rigar, na ɗan tsaya.
Sannan na rataye tawa a kanta,
na je na ɗora ruwa.